Ƙawata Ƙaramin Gida Irin na Ƙauyen Ingila da Kayan Hannu: Ta Ina Ake Farawa?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto cewa ita da maigidanta sun tare a wani ƙaramin gida mai ɗaki biyu da falo, kuma ta daɗe tana sha'awar hotunan ƙananan gidajen ƙauyen Ingila da take gani a Instagram da Pinterest, masu labule mai furanni da tsofaffin kujerun katako da farantai a jere. Tana son sanin ko za ta iya samun irin wannan tsari da kayan hannu ba tare da gidan ya koma kamar rumfar gwanjo ba, da abin da ya kamata ta saya, da wanda za ta guje wa.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya albarka a sabon gida, ya sa an shiga a sa'a. Abin da kike so mai yiwuwa ne, kuma ƙaramin gida ya fi babba karɓar wannan tsari. Sai dai kafin ki taka zuwa kasuwa, yana da kyau ki san asalin abin da kike gani a hotunan nan, domin wanda bai san asalinsa ba yakan ɓata kuɗinsa wajen farautar kayan Turawa, alhali abin da yake nema yana ajiye a ɗakin kakarsa.

Gidajen da Turawa ke kira kotej tun asali gidajen talakawa ne, na ma'aikatan gona da masaƙa da makiyaya. Waɗanda suka fi yawo a hotuna su ne na yankin Cotswolds da ke yammacin tsakiyar Ingila, inda ake gini da wani dutse mai launin zuma. Jerin gidajen nan da ake kira Arlington Row a ƙauyen Bibury, waɗanda kusan duk mai bibiyar wannan ado ya taɓa ganin hotonsu, an gina su wajen shekarar 1380 a matsayin ma'ajiyar ulu, sai a ƙarni na 17 aka mayar da su gidajen masaƙa. Rufinsu gajere ne, tagoginsu ƙanana, ɗakunan kuma matsattsu, duk domin a riƙe ɗumin murhu a ƙasar sanyi da laima. Kayan da ke ciki ba a rana ɗaya aka saye su ba. Tebur na kaka ne, kujera ta zo da amarya, bargo kuma an harhaɗa shi da ƙyallayen tsofaffin riguna, shi ya sa babu abin da ya yi kama da ɗan'uwansa, amma duk da haka ɗakin yana da natsuwa. Daga baya ne masu hali suka fara sha'awar wannan rayuwa. William Morris, wani mai zane kuma marubuci ɗan Ingila, wanda ya kama wani tsohon gidan ƙauye mai suna Kelmscott a 1871, ya yi ta kira da a koma ga aikin hannu, kamfanin Laura Ashley da aka kafa a 1953 ya yaɗa yadudduka masu ƙananan furanni har suka cika gidaje a shekarun 1970, sannan zaman gida na annobar korona a 2020 ya sake farfaɗo da abin a intanet. Masu yin wannan ado a can suna samun kayansu ne a shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam, wadda ta buɗe shagonta na farko a birnin Oxford a ƙarshen shekarun 1940, da kuma kasuwannin ƙarshen mako inda mutane ke buɗe bayan mota su baje kayan da suka daina amfani da su.

Akwai wani kabad da kusan ba a rasa shi a irin waɗannan gidaje, wanda aka fi danganta shi da yankin Wales: ƙasansa akwai durowa, samansa kuma kantoci ne a buɗe inda uwargida ke jera farantan tangaran da kofuna da butoci domin baƙo ya gani. Ranar da na fara lura da shi sosai, abin da ya faɗo mini a rai shi ne jeren ɗakin iyayenmu mata. Manufar ɗaya ce: mace tana nuna tsabtarta da tattalinta da abin da ta zo da shi daga gidansu ta hanyar kwanukan da ta jera. Kafin zuwan kwano, ƙorai ne ake jerawa a kan juna, daga baya tasoshin tagulla suka shigo, sannan langa da fanteka da samira da kwalla masu zanen furanni suka mamaye ɗakunan amare. Saboda haka shawarata ta farko, wadda sauran duk suke rataye a kanta, ita ce ki ɗauki ruhin wancan tsari ki cika shi da tsofaffin kayanmu, ki bar neman murhun bango da bargon ulu da ba su da aiki a zafin Zariya.

Wurin farawa shi ne gidan dangi. Ba a rasa nono a ruga: da wuya ki shiga gidan da ya kai shekara hamsin ba ki tarar da adaka a ƙarƙashin gado ko kwanuka a ɗaure cikin zani a saman soro ba. Amma ki kiyaye abu ɗaya, idan mai kayan ta rasu, kayan sun zama na magada, don haka sai ki nemi yardarsu a fili ko ki saya da kuɗi, ko da kuwa kowa yana cewa tarkace ne. Bayan dangi sai dillaliya, wadda a ganina ta fi kowace kasuwa amfani a wannan harka, domin ita ke shiga ɗakunan mata, ta san wadda za ta sayar da tsohon jerenta don ta yi wa 'yarta kayan ɗaki na zamani. Ki nuna mata hoton abin da kike so, ki gaya mata ba ki gaggawa, kuma ki biya la'adarta cikakkiya, za ki ga tana fara kawo miki kaya kafin kowa ya gani. Sannan kasuwanni: Kasuwar Kurmi a Kano, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, tana da tasoshi da ƙorai da fayafayi da kayan fata, Ƙofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna suna da dilolin gwanjo inda akan tsinci labule da zanen gado da mayafin tebur, Panteka ta Kaduna kuma wurin ƙarfe ne da masu gyaransa. Kada ki raina 'yan gwangwan da ke zagayawa unguwa. Su a kan nauyi suke saye, kuma gadajen ƙarfe da tasoshi masu kyau da yawa a hannunsu suke ƙarewa kafin a narka su, don haka idan maigida ya yi magana da ɗaya daga cikinsu zai iya riƙa ajiye muku abin da ya dace a farashin da bai wuce na kilo da ɗan riba ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan kwano, tun da shi ne zai fi ba ɗakin kamannin da kike so. Kwanon da ake kira mai ruwan fenti ƙarfe ne da aka lulluɓe da narkakken gilashi, shi ya sa yake fashewa ya yi baƙin tabo idan ya faɗi. Idan kin ɗauka, ki fara kifa shi ki duba tambarin da ke gindinsa. Wanda aka rubuta wa Czechoslovakia an yi shi kafin 1993, shekarar da ƙasar ta rabu gida biyu, wanda kuma ke ɗauke da sunan Jamus ta Yamma bai wuce 1990 ba. Za ki ga na Hong Kong da na Chaina da yawa, da waɗanda aka ƙera a masana'antun Legas da Kano. Tsohon kwano yakan fi na yanzu nauyi, launinsa ya fi zurfi, murfinsa kuma yana zama daram a kan bakinsa. Ki ɗaga shi sama ki fuskanci rana, idan haske ya ɓullo ta gindi to tsatsa ta huda shi, sai dai a dasa fure a ciki. Ƙaramin tabo a gefen baki ba aibi ba ne, shi ne ma shaidar shekaru, kuma kada ki bari kowa ya shafe miki shi da fentin mai. Amma wanda ya fashe ta ciki, ko mai launin ja da ruwan lemo da rawaya a cikinsa, ki bar shi ga ado kawai, domin an yi amfani da sinadarin kadmiyum da dalma wajen haɗa wasu launukan a da, kuma abinci mai tsami yana iya jawo su. Tasar tagulla, musamman aikin maƙeran Bida mai zanen da aka buga da guduma, ana wanke ta da jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka mai laushi, a ɗauraye, a goge nan take da busasshen ƙyalle. Akushi da ƙwarya kuwa ba sa son jiƙo kuma ba sa son rana. A goge su da ɗanyen tsumma, a shanya a inuwa, a shafa wa akushi ɗan man kaɗanya.

Katako shi ne inda aka fi yin asara. Na taɓa raka wata ƙawata ganin wani kabad mai ƙofar gilashi da aka yi mata tayinsa da araha, kyakkyawa ƙwarai, an goge shi yana ƙyalli. Da na durƙusa na haska ƙarƙashinsa da fitilar waya, sai na ga ƙananan huji kamar an soka allura, da ɗan gari fari kamar na masara ya taru a ƙasa daidai ƙafarsa ta baya. Na danna wurin da ɗan makulli, sai ya lotsa kamar burodi. Wannan garin shi ne alamar ƙwaron yana nan da ransa yana ci, kuma shigar da irin wannan kaya gida daidai yake da gayyatar ɓarna ga ƙofofi da silin. Huji marar gari, mai duhu a ciki, yawanci tsohon aiki ne, ƙwaron ya daɗe da fita. Gara kuma takan cinye ciki ta bar fatar waje, don haka ki ƙwanƙwasa ko'ina da yatsa, inda ya yi ƙarar fanko to babu komai a ciki. Ki jawo durowa gaba ɗaya ki duba kusurwarta: idan an sarƙe katakon biyu da haƙora kamar yatsun hannu a haɗe, aikin kafinta ne na gaske, idan ƙusa ce kawai da gam, ko kuma gefen ya nuna garin katako da aka matse, ki wuce, domin wannan ruwa ɗaya ne zai kumbura shi. Maɗaci da iroko suna da nauyi kuma suna jure shekaru, fararen katakai marasa nauyi su ne abincin ƙwaro. Kujerar da ke rawa ba matsala ba ce idan katakon lafiyayye ne, kafinta zai warware ta ya sake ɗaure ta da sabon gam cikin yini ɗaya. Idan an gama gyara, ni na fi son a shafa kakin zuma da aka narka a goge da tsumma, maimakon banish mai ƙyalli da ke sa tsohon abu ya yi kama da roba.

Kayan ƙarfe sun fi sauƙin sha'ani kuma sun fi dacewa da ƙasarmu, tun da gara ba ta cin su. Gadon ƙarfe irin na Vono, ko mai rumfa da iyayenmu suka yi aure da shi, idan aka kankare tsatsarsa, aka shafa jan fentin da ke hana tsatsa, aka bi da fari ko ruwan madara, shi kaɗai ya isa ya sauya ɗakin kwana, ga shi kuma rumfar tana riƙe gidan sauro. Ki duba mahaɗar kusurwoyi, nan ne yake karyewa, kuma mai walda yana iya gyarawa. Adaka tana zama teburin tsakiyar falo idan an ɗora mata faifai ko mayafi, cikinta kuma ya zama ma'ajiyar barguna. Tsohon keken ɗinki na Singer ko Butterfly mai ƙafar ƙarfe yana da kyau a gindin taga, kuma idan kin ga na Singer da aka rubuta an ƙera shi a Birtaniya, daga masana'antar Clydebank ta kusa da Glasgow ya fito, wadda aka rufe a 1980. Idan kan keken yana aiki, ki bar shi ya ci gaba da ɗinki, kada a cire shi don a yi tebur. Fitilar ƙwai ma tana da gurbinta a kan kanta, kuma ranar da aka ɗauke wuta za ta yi aikinta na asali.

Akwai gargaɗin da ba zan sassauta ba, musamman idan akwai yara ko mai juna biyu a gidan. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Amurka ta hana shi a fentin gidaje a 1978, Birtaniya kuma ta hana sayar da shi ga jama'a a 1992, kuma kayan hannu da yawa sun girmi waɗannan shekaru. Mun ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu sakamakon ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje. Dalmar da ke cikin fenti ma, ko kaɗan ce, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A hotunan da kike gani za ki lura ana sha'awar fentin da ke ɓarewa, to wannan kada ki kwaikwaya. Kada a goge tsohon fenti da busasshiyar samfefa a cikin gida, kada kuma a ƙona shi. A yi aikin a waje, a jiƙa wurin da ruwa kafin a kankare, mai aikin ya rufe hanci, a kwashe ɓaraguzan a zubar nesa da inda yara ke wasa, sannan a rufe kayan da sabon fenti. Gadon jariri da kujerar cin abincin yaro kuwa, waɗannan ki saya sababbi.

Haka nan katifa da matashin kai da kujerun kushin na hannu, ban ba ki shawarar sayensu ba, saboda kuɗin cizo yana ɓuya a ɗinki ya yi watanni ba tare da ya ci komai ba, kuma fitar da shi daga gida ya fi kuɗin kujerar tsada. Idan firam ɗin kujera ya burge ki, a yaye soso da yadin gaba ɗaya tun a kasuwa, a kawo katakon tsirara a yi masa sabuwar riga. Duk yadin gwanjo a wanke shi da ruwan zafi, a shanya a rana mai ƙarfi, a goge da dutsen guga mai zafi, domin zafin da ya kai digiri 50 yana kashe ƙwaron da ƙwansa. Fitilun lantarki na tokumbo kuma a kai wa mai gyaran wuta ya sauya musu waya, a kuma lura cewa kayan Amurka an yi su ne don wuta mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce.

Game da bango da yadi, abin da zai jagorance ki shi ne ƙura. Turawan can ba su san hunturu irin namu ba, shi ya sa suke barin kantoci a buɗe da labule ninki uku. A nan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, jeren da ke buɗe yana bukatar gogewa kowace safiya, saboda haka ki sanya mafi yawan kwanukan a kabad mai ƙofar gilashi, ki bar kanta ɗaya kawai a buɗe da abubuwan da kike amfani da su kullum. Bango ya kasance fari ko ruwan madara marar ƙyalli, irin hasken farar ƙasa, domin shi ne ke haɗa kan kayan da ba su yi kama da juna ba. Labule ya zama na auduga marar nauyi da za ki iya cirewa ki wanke. Luru ko gwado a kan gado, tsohon saƙi a bayan kujera, tabarmar kaba a ƙasa maimakon kafet mai gashi, da rigunan matasai da aka ɗinka da ragowar atamfofin mahaifiyarki, duk suna yin aikin da bargon ƙyallaye ke yi a gidajen Ingila. Yadin da aka rina da baba a marinar Ƙofar Mata yana da kyau ƙwarai kusa da farin bango, sai dai yana zuba, don haka a wanke shi shi kaɗai sau da yawa kafin a jingina shi da wani abu fari.

Tsoronki na kada gida ya koma rumfar gwanjo yana kan hanya, kuma maganinsa haƙuri ne wajen saye. A kowane ɗaki ki zaɓi babban abu ɗaya da ido zai fara sauka a kansa, kabad a falo, gado a ɗaki, sauran su bi bayansa. Ki tsayar da launuka biyu ko uku, misali shuɗi da fari da launin katako, duk abin da ya fita daga cikinsu ki bar shi a kasuwa ko da kyauta ne. Ƙananan abubuwa a tara su wuri ɗaya, domin fayafayi bakwai a bango ɗaya ado ne, amma idan aka warwatsa su ɗaki-ɗaki sai su zama tarkace. Ki bar aƙalla bango ɗaya babu komai. Ki auna faɗin ƙofarki da gurbin da kike son cikewa, ki riƙe awon a waya, saboda kabad ɗin da ya ƙi shiga ƙofa ya sha jawo wa mutane asara. Idan so samu ne, aikin ya ɗauke ki shekara guda, kina zaune a gidan kina ganin inda rana ke faɗowa da inda kuka fi zama.

A wajen ciniki, ki sani cewa akwai sababbin kaya da ake turara wa hayaƙi ko a binne a ƙasa domin su yi kama da tsofaffi, musamman inda baƙi 'yan yawon buɗe ido ke zuwa. Tsufan gaskiya yana bayyana ne a inda hannu ke taɓawa, wato mariƙi da baki da gindi, na ƙarya kuwa ko'ina daidai yake. Idan kuma aka kawo miki abin da aka ce an tono shi daga ƙasa ko ya fito daga wata fada, ki janye hannunki, domin dokar Najeriya ta 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi ba tare da izini ba, kuma ta sanya aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a cikinsu.

Saura maganar mutane, wadda ba ki tambaya ba amma na san za ta zo, tun da a wurinmu sabon kaya ne ake auna darajar ɗakin mace da shi, kuma wata gwaggo za ta iya shigowa ta ɗauka rashi ne ya sa kika jera langa. Ki yi shawara da maigida tun farko domin ku zama baki ɗaya. Ki bar kujerun zama da katifa su zama sababbi masu tsabta, tsofaffin kayan kuma su kasance a gyare tsaf, babu tsatsa babu ƙura, domin bambancin kayan tarihi da tarkace a idon baƙo yana ga kulawar da aka ba su. A wannan makon, ki fara da zuwa gida wurin Hajiya babba ki roƙe ta ta buɗe miki adakarta, ki tambaye ta labarin kowane kwano, wa ya saya mata shi, a wace kasuwa, a wace shekara, ki rubuta a 'yar takarda ki manna a gindinsa kafin ki ɗauko.